Benen da Na Yi wa Magunan Rauda

Masu karatu, barkanku da war haka. Na san filin nan na 'yan mata ne, su ne ke zuwa su zayyana abin da saurayi ya yi musu, ku bi su da ban haƙuri a ƙasa. Ni shekarata arba'in da bakwai, da furfura a gemu da garin katako a kunne. Amma tunda mai kula da shafin ta ce ba a hana kowa kuka, ku ɗan muskuta in zauna.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: sunana Sammani, kafinta ne ni a Bunkure. Na taɓa aure. Shekara tara muka yi, Allah bai ba mu haihuwa ba, muka rabu lafiya lau, har yau in mun haɗu a hanya takan tambaye ni ya ciwon baya. Shekara shida ke nan ina zaune ni kaɗai, yayata Asta ce ke aiko mini da tuwo, kowane kwano da nasa faɗan a kai.

Ita kuwa Rauda malamar firamare ce, shekararta talatin da biyar, mijinta ya rasu, tana zaune a gidan yayanta a ɗaki ɗaya ita da maguna biyu. Ita nake so. Na rubuta muku shi a nan cikin sauƙi. Ita ce dai ban taɓa faɗa wa ba.

Duk wanda ya san yankinmu lokacin girbin shinkafa ya san ɓera ya fi mutane yawa. Manoma su zuba guba a bakin gona, masu injin casa su zuba a lungun sito. Ɓera ya ci ya fito yana tangaɗi, mage ta ga nama a ɓagas, kafin la'asar ta miƙe. A da magunan Rauda huɗu ne. Biyu suka tafi a sati guda. Ta kwashe sauran biyun, Jatau da Shagwaɓa, ta rufe a ɗaki, ta sa raga a taga, ta ce sun gama fita waje.

To, mage in ka hana ta katanga, a ɗakinka za ta nemi katangar. Suka hau labule suka sauko da shi. Suka mayar da hannun kujera tsumma. Jatau ya haye saman durowa ya turo da kwanukan tangaran ɗin da ta gada wurin mahaifiyarta.

Ranar wata Talata ta tsaya a ƙofar shagona bayan an tashi daga makaranta. Atamfa ce ruwan ganye a jikinta, da hijabi ruwan madara har gwiwa, alli ya ɗan ɓata mata gefen hannu. Ta miƙo mini wayarta.

"Malam Sammani, za ka iya wannan?"

Na duba. Wani abu ne dogo kamar bishiya, da faranti-faranti na katako hawa-hawa, da ɗan akwati mai ƙofa, mage a can ƙoli tana kallon duniya kamar ita ta biya kuɗin ginin.

"Bene ne na mage?"

"In ba za ka iya ba ka faɗa, in kai Kura."

"Wa za ki kai wa a Kura? Mutanen da ƙafar bencinsu ɗaya ke gaishe da ƙasa daga nesa?"

Ta yi dariya, ta sa gefen hijabi ta rufe baki. Masu karatu, a kan wannan dariyar na kashe wata bakwai.

Na farko da itacen turare na yi shi, don shi ne a hannu. Na kai, aka shiga da shi, bayan minti biyar aka fito da shi. Magunan sun sansana sun koma ƙarƙashin gado. Ta turo saƙo: "Sun ce warinsa ya yi musu yawa." Na amsa: "A ba su haƙuri, kafintan baƙauye ne." Ta turo fuskar dariya guda uku. Na ƙirga.

Na biyu na nemo madaci. Na naɗe ginshiƙin da igiyar rama tun daga gindi, zagaye kan zagaye, ina shafa gam, don su samu wurin wasa farce. Na samo guntun faffaɗan bututun ban ruwa da wani manomi ya yar, na wanke, na goge bakinsa da samfefa, ya zama kogon ɓuya. Farantan na lulluɓe su da tsohon kafet. A ƙoli na ɗora ƙaramin kwandon tumatir, na shimfiɗa masa yankin bargo. Kowane ƙari dalili ne na zuwa gidansu. In tsaya a soro, ta fito da mage a hannu, in ciro tef in auna. Na auna tsawon Jatau. Na auna faɗin Shagwaɓa. Na auna iya tsallensu. Da a ce hukuma za ta yi wa maguna katin shaida, a wurina za a zo ɗaukar bayani.

Matsala ɗaya ta rage. Benen ya yi tsawo, in Jatau ya daka tsalle daga ƙoli sai ya yi rawa. Na ce maganinsa a yi sabon ginshiƙi dogo wanda zai tokare da silin, ya riƙe kansa sama da ƙasa. Ta ce to, za ta aiko da awo.

A tsakanin nan Yaya Asta ta zo shago da kanta, ta dire kwanon tuwo a kan teburin aiki, ta tsaya tana kallon kwandon tumatir.

"Wannan kuma na wane ne?"

"Na aiki ne, Yaya."

"Aikin malamar nan dai. Sammani, garin nan kaf an san kana zarya gidan. Mai kayan miya ta sani. Liman ya sani. Ka faɗa mata?"

"Ina so in gama tukuna. Ba a zuwa da magana hannu biyu a sake."

"Mutane suna zuwa da goro. Kai kana zuwa da kwando." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ka ba ni izini in je wurin matar yayanta, yau ɗin nan."

"Ki bari in sa ginshiƙin."

"In ba ka buɗe bakin nan ba, ni zan buɗe maka shi. Ba ni makullin ɗakinka."

"Na me?"

"In share. Warin gwauro har zaure."

Na ba ta. Ku riƙe wannan, don a kansa na gina nawa benen.

Bayan kwana huɗu sai ga Gwaggo Mairama, ƙanwar mahaifin Rauda, tsohuwa mai baki da jan goro, ta shigo shago ba sallama ta zauna a kan kujerar da ban gama bugawa ba. Ta kwance bakin mayafi ta fito da wata doguwar igiya, tsohuwar atamfa ce aka yayyaga aka haɗa, da ƙulli uku a jiki.

"Ga awon da Rauda ta ce a kawo maka. Wannan ƙullin tsawo, wannan faɗi, wannan kuma daga ƙasa zuwa silin. Da tabarya muka ɗaga shi, kada ka ce mata ba su iya awo ba."

"Gwaggo, ai da an kira ni na zo da tef, ɗakin nata ba nisa."

"Wane ɗakin nata? Ɗakin da za ta koma dai. Ganin ɗaki muka je."

Gudumar da ke hannuna ta yi nauyi. Na ajiye ta a hankali.

"Za ta koma ina, Gwaggo?"

"Kai ma da tambaya, ɗan nan. Mace za ta tabbata a gidan yayanta ne?" Ta tofar da tuƙar goro a cikin garin katako, ta miƙe, kujerar ta bi ta da ƙara. "Ka gyara wannan kafin ta kashe wani."

Na daɗe zaune da igiyar a cinya. Ku da kuke nesa, a wurinmu in aure ya matso, matan dangin amarya kan je su ga ɗakin da za a kai ta, su auna, don a san girman gado da labule. To an auna wa Rauda ɗaki. Ɗakin wa?

Ban san abin da ya kai ni ba. Na rufe shago da rana tsaka, na tafi gida. Ɗakin ƙal, Yaya Asta ta share har bayan ƙofa, ta sauya wa katifa wuri. Na kafa bakin igiyar a kusurwa na ja. Ƙullin farko ya faɗa a ɗaya kusurwar cif. Na juya na ja ta faɗi. Cif. Na hau kujera na kai ta silin. Masu karatu, ko faɗin yatsa bai ragu ba.

Na sauko na zauna a bakin katifa na haɗa lissafin. Yaya ta ce za ta buɗe mini baki. Ta karɓi makulli. Ta yini a ɗakin ita kaɗai, ko kuma ba ita kaɗai ba. Bayan kwana huɗu an zo da awon da ya hau ɗakina kamar don shi aka yanka. Na sani sarai ba a ganin ɗaki sai an kai gaisuwa, kuma ba a kai wa namiji gaisuwa bai sani ba. Na faɗa wa kaina haka. Kaina ya amsa mini cewa auren bazawara ba ya bin dogon layi, kuma Yaya Asta mace ce da ta taɓa sayar da akuyata ta saya mini keken da ban roƙa ba.

Za ku ce me ya hana ni tambayar Yaya. Gidanta taku ɗari biyu ne daga nawa. Tambaya tana zuwa da amsa, shi ya hana ni.

Kwana tara na yi a cikin wannan daɗin. Na sayo fenti ruwan ganye, irin launin atamfar nan, na shafe ɗakin hawa biyu. Na sa raga a taga. Na toshe ramin ɓeran da muka shekara shida muna zaman mutunci da shi. Na shimfiɗa sabuwar leda mai zanen fulawa. Na shiga wurin maƙwabcina na roƙe shi ya daina zuba guba a bayan katanga, ya ce me ya same ni, na ce tausayin halitta. Na yanka ginshiƙin madaci daidai ƙulli na uku, na goge shi har ina ganin gemuna a jiki. Ta turo saƙo: "Ya aiki?" Na amsa: "Yana tafiya. Wurin ma an gyara." Ba ta ce komai ba. Na ce kunya ce.

Rana ta goma Hammadu ya zo karɓar firam ɗin ƙofofi. Hammadu magini ne, tare muka tashi, shi ya gina ɗakina, shi ya gina rabin garin. Firam ɗin a gida na ajiye su, sai ya biyo ni. Ya leƙa ɗakin, ya ja da baya, ya sake leƙawa.

"Mutumina, asibiti za ka buɗe?"

Ban iya riƙewa ba. Kwana tara ina ɗauke da abu ni kaɗai. Na ciro igiyar daga aljihu na ba shi labari tun daga makulli, na kafa ta a kusurwa na nuna masa. Tsawo, cif. Faɗi, cif.

Hammadu bai yi dariya ba, abin da ya fara tsorata ni ke nan. Ya karɓi igiyar ya ce in biyo shi. Muka shiga ɗakin maƙwabcina da ke zaure. Ya kafa ya ja. Cif. Muka tsallaka titi, shagon mai cajin waya. Cif. Ya nufi ɗakin ajiyar tabarmin masallaci, na riƙe masa hannu na ce ya isa.

"Sammani," ya ce, "silin nawa ka buga a rayuwarka?"

Na ɗaga kai na kalli silin.

"Allon silin ƙafa huɗu ne. Uku nan, huɗu nan, sha biyu da sha shida, ba a yanka ba a asara. Wa ya koya mini haka? Kai. Tsayi kuwa gora ɗaya gare ni, shekara ashirin da ita nake awo. Daga nan har Garun Mallam, duk ɗakin da na gina igiyar nan za ta hau shi."

"Na sani."

"Na san ka sani. Shi ya sa ban yi dariya ba." Ya naɗe igiyar a hannu ya miƙo mini. Ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya. "Akwai wanda na gama watan jiya a Kura, bayan injin casa. Na Abdulrauf mai injin. Matarsa ta rasu shekara biyu ke nan. Shi ya ce in yi wa tagar gurbin raga, na ce sauro ne, ya ce a'a."

Ya ɗauki firam ɗinsa ya tafi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Fentin dai ya yi kyau."

Bayan la'asar na yi wanka, na sa farar shaddata ta sallar bara da hula, na tafi gidansu. A soro na zauna a kan tabarma. Ta fito da doguwar riga baƙa mai aikin zare a wuya, mayafi ruwan toka, Shagwaɓa a hannunta, da kofin zoɓo a ɗaya hannun. Ta ajiye mini, ta zauna a can gefe. Ta kalli shaddar, ta kalli hannuna, ba tef.

"An kawo maka awo?"

"An kawo."

"To."

"Ɗakin wane ne, Malama?"

Ta shafa kan magen.

"Wata bakwai, Malam Sammani. Wannan ce tambayar farko da ka yi mini wadda ba ta shafi mage ba."

"Ta ɗan shafe su. Ai su ma can za su koma."

Ba ta yi dariya ba. Ni ma da na ji abin da ya fito daga bakina na so in nemi guduma.

"Abdulrauf ne," ta ce. "Sau biyu ya zo. Zuwan farko ya gaishe ni ya tafi. Na biyu ya ce, 'Malama, ina so in aure ki, ke da magunanki.' Ko zama bai gama yi ba. Yaya ya kira ni ya tambaye ni ko akwai wani ne, don yana ganin mai zarya. Na ce ya ba ni sati guda."

"Yaushe ke nan?"

"Satin da ka zo sau biyu. Ranar Litinin ka kawo kwando. Ranar Alhamis ka tambaye ni ko Jatau ya ƙara ƙiba."

Na tuna ranar Alhamis ɗin. Har janbaki ta sa. Na ga janbakin, na ce a raina ko biki za ta.

"Na ɗauka aikin yana magana," na ce.

"Yana yi. Ni ina ji. Yaya ne ba ya jin yaren katako, kuma ba zan je in ce masa akwai wani mutum da ya naɗe mini itace da igiya ba. Shekarata huɗu a ɗakin nan. Matarsa ba ta taɓa ɓata mini ba, amma 'yarsu ta girma, tana kwana a falo."

"Malama, ni fa tun ranar da kika..."

"Kada ka faɗa." Ta ɗaga hannu kaɗan. "Ba yanzu ba. An karɓi gaisuwarsu. Kai ka fi ni sanin hukuncin nema cikin nema."

"Kin amince ke nan."

"Ban ƙi ba."

Na sha zoɓon, don ban san me zan yi da bakina ba. Da citta a ciki, yadda nake so. Ban taɓa faɗa mata ina son citta ba, ita ta lura.

"Benen fa?" na ce.

"Babu wanda ya san yadda ake kafa shi sai kai."

Daga nan na biya ta gidan Yaya Asta. Tana tankaɗe a tsakar gida. Na tambaye ta, ranar da ta karɓi makulli, wa ya shiga ɗakina.

"Ni da tsintsiya."

"Ba ki je gidansu ba?"

"Ka ce in bari ka sa ginshiƙi." Ta dube ni, ta dubi shaddar, ta ajiye rariyar. "Sau ɗaya a rayuwata na ji maganarka, Sammani."

Ranar Asabar da hantsi na ɗora benen a motar kurkura, ni a baya ina rungume da ginshiƙin, muka bi gefen gonaki zuwa Kura. Ana ta dashen shinkafa, ruwa kwance fal, balbelu na bin ma'aikata. Duk wanda muka wuce sai ya miƙe ya bi kwandon tumatir da kallo. Ni kuwa addu'a nake yi, irin wadda ba a faɗa wa malam: Allah ya sa ya ƙi shiga. Ya yi tsawo ko ya gaza, in ce sai na koma da shi.

Abdulrauf ya tare mu a ƙofa, dogo, ƙurar dusa har girarsa, da tsohuwar riga mai yagaggen aljihu. Na zo da niyyar in sami abin ƙi a jikinsa. Na duba sama na duba ƙasa. Ya karɓi gindin benen da kansa, ya hana direba ɗauka, ya ce kada a goge kafet ɗin.

"Malam Sammani, sannu da hanya. Wallahi na ji labarin aikin nan, amma ban zaci ya kai haka ba. Wannan ramar da hannu ka naɗa?"

"Da hannu."

"Allah ya yi wa hannun albarka. Ka ga siton can? Na sa an kwashe gubar duka, tarko muke sawa yanzu. Ɓera ya ci na ci, ya fi a ce wani abu ya samu magunan nan."

Ɗakin fari ne tas, raga a taga, ƙanshin sabon siminti. Ya riƙe mini ginshiƙin, na hau kujera na tura shi sama. Ya shiga tsakanin ƙasa da silin kamar a nan aka haife shi. Na girgiza shi, ko motsi. Na sake girgizawa da ƙarfi. Abdulrauf ya ce, "Ma sha Allah."

Ya sa aka kawo fura. Muka zauna a dandamalin ƙofa, injin yana ta ruri a bayanmu.

"Akwai wata alfarma kuma," ya ce. "Gado. Na ce mata kada ta wahalar da yayanta, zan ɗauko na zamani daga Kano. Ta ce a'a, in ba wanda ka yi ba, ba za ta tare ba. Na ce na ji. Shi kuma yayan nata ya ce ba zai sa rana ba sai an ji daga bakinka, kada a sa a zo ana jiran kafinta. Ka ga kowa kai yake sauraro. Kwana nawa zai ɗauke ka?"

Masu karatu, ku da kuka taɓa ba kafinta aiki kun san mu. Ba a taɓa haifar wanda ya faɗi gaskiyar kwanaki ba. Muna da wuta da ba a kawo ba, muna da zarto da ya dakushe, muna da rasuwa a ƙauye. Na taɓa riƙe kujerar tsuguno wata biyu. Duk waɗannan suna nan a bakina, a jere, kamar ƙusa.

"An ce mini duk yankin nan babu mai hannunka," ya ƙara, yana zuba mini fura.

"Kwana shida," na ce.

Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi godiya. Ya raka ni har bakin titi.

Sai da muka wuce gada ta biyu, kurkura na jijjiga ni, sannan maganar ta iso inda ya kamata ta iso tun ɗazu. Macen da ta ce in ba gadona ba ba za ta tare ba. Yayan da ya ce sai an ji daga bakina. Ba ni da ikon in nema, amma ita tana da ikon ta fasa, in ta sami kwanakin da za ta yi tunani, ta san yadda za ta fuskanci yayanta. Kwanakin a hannuna aka sa su. Na ƙirga shida na mayar da sauran.

Ko kuma gadon kawai take so. Ni ba mutumin da za a ƙara yarda da fassararsa ba ne.

Kafin in isa shago wayata ta yi ƙara.

"An ce ka ce kwana shida."

"Haka ne, Malama."

Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Ba sai katakon ya bushe ba?"

Ina da madaci a rumfa tun bara waccan. Yatsana ya riga hankalina.

"Busasshe gare ni."

"To."

Wannan shekaranjiya ke nan. Jiya na yanka ƙafafu huɗu da allon kai, na fara sassaƙa masa ganye a gefe. Ban taɓa yin gado mai kyansa ba, hannun ya ƙi ya ɓata ko da na roƙe shi. Abdulrauf ya aiko mini da rabin buhun shinkafa, wai na gaisuwa. Yaya Asta ta aiko da tuwo ba faɗa a kai, abin da ya fi faɗan ciwo.

Yau da safe, ina cikin goge allon, wani saƙon ya shigo.

"Yaya zai kira su Abdulrauf bayan azahar ya sa rana. Ka tabbata ya bushe?"

Na ajiye samfefa. Na ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya amsa ƙarau. Na kafa masa farce, ko alama. Sai dai in kwara masa ruwa bokiti guda, in ce mata bai bushe ba, a ɗaga ranar. Mutumin da ya riƙe mini ginshiƙi ya ba ni fura bai yi mini komai ba, kuma abin da aka hana a yi da baki ban ga yadda zai halatta da bokiti ba.

Yanzu sha ɗaya da rabi. Saƙonta na nan a wayar, ban amsa ba. Kanal ɗin ban ruwa taku goma ne daga bayan shagona, yau aka sako ruwa, cike yake har baki. Na san halina, ku ma yanzu kun sani. Amma na fita na tsaya a bakinsa da bokiti a hannu, kuma har yanzu ban dawo ciki ba.